Mai Injin Niƙa da Waƙar Makaho

Tungar Guru ƙauye ne a ƙasar Bukkuyum, cikin yammacin Jihar Zamfara. In mutum ya duba taswira ba lalle ne ya same shi ba, don bai kai girman da za a rubuta shi kusa da Anka ko Gummi ba. Mutanensa manoma ne tun kaka da kakanni, gero da dawa da wake, da 'yan bisashe a bayan gida. Amma a shekarar 2010 sunan ƙauyen nan ya shiga takardun likitocin ƙasashe masu nisa, ba kuwa don alheri ba. Labarin da za a bayar nan na wani mutumin ƙauyen ne, da abin da ya same shi a wannan shekara, da yadda wata waƙa ta kai gare shi bayan mutane duka sun gaza. Ba za a faɗi sunansa ba, don bai nemi a san shi ba. Mai inji a ke ce da shi, nan ma haka za a kira shi.

Mai inji ba malami ba ne. Ya yi karatun allo yana yaro, ya ɗan taɓa, sa'an nan noma ya ɗauke shi. Da ya tara 'yan kuɗi sai ya sayi injin niƙa, ya kafa shi a wata rumfa jikin katangar gidansa, yana niƙa wa mata gero da dawa. Matarsa ɗaya, 'ya'yansa uku, babbar mace ce, ƙananan biyu maza.

Zinariya ba baƙuwa ba ce a wannan yanki, tun zamanin Turawa an haƙe ta a lardin Sakkwato. Amma a 2009 kuɗinta ya hau ƙwarai a kasuwannin duniya, sai samari suka bazama daji da diga da shebur. Ga yadda aikin ya ke. A haƙo dutse daga rami, a farfasa shi da guduma, a niƙe shi ya zama gari, a wanke garin da ruwa, kana a kama zinariyar da zaiba. To, wurin niƙan nan ne masu inji suka shigo. Ladan niƙa buhun dutse ya fi na niƙan hatsi nesa ba kusa ba, saboda haka injin da ke niƙa dawa da safe sai ya koma niƙa dutse da yamma. Mata kuma da ba su fita, aka riƙa kai musu dutsen har tsakar gida suna dakawa a turmi, a shanya shi nan inda a ke shanya hatsi. Mai inji ya shiga wannan aiki, matarsa ma ta shiga. A cikin shekara guda ya yi wa ɗakinta rufin kwano, ya sayi babur. Wa zai ga laifinsa? Ai kowa haka ya yi.

Abin da ba su sani ba, dutsen nan ba zinariya kaɗai ya ke ɗauke da ita ba, cike ya ke da dalma. Ƙurarta ba ta da wari, ba ta da ɗaci, tana sauka a kan tabarma da ƙwarya da ƙasar tsakar gida. Babban mutum jikinsa ya kan jure ta zuwa wani lokaci. Amma jinjiri mai rarrafe, wanda duk abin da hannunsa ya taɓa sai ya kai baki, hanjinsa ya fi na babba tsotse ta, ta bi jini ta hau ƙwaƙwalwa. Sai yara suka fara amai da ciwon ciki, daga nan jijjiga, daga nan sai mutuwa. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka ce sanƙarau ne, aka ce iska ce. Aka sha rubutu, aka sha allura, duk a banza. Ƙaramin ɗan mai inji ya riga, yana goye. Ba a yi kwana arba'in ba wansa ya bi shi.

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitocin nan ta duniya da a ke kira MSF ta lura da yawan mutuwar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Aka ɗebi jini aka auna, aka ɗebi ƙasa aka auna, gaskiya ta fito. An ƙiyasta yara wajen 400 suka mutu, dubbai kuma gubar ta shiga jikinsu. Aka buɗe wuraren magani a Anka da Bukkuyum, a ke ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar wani magani mai kama dalma cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Amma magani ba ya amfani in yaro zai koma ya zauna a ƙasar da ta sa masa cutar. Saboda haka aka fara share ƙauyuka, Dareta da 'Yargalma da farko, sa'an nan bayan damina aka shiga Abare da Tungar Guru da Tungar Daji da Sunke da Duza. Bagega kuwa, wadda ta fi su girma, sai a 2013 aka kai gare ta. Sharar nan ba ta tsintsiya ba ce. Da fartanya a ke kankare saman ƙasar kowane gida, a ɗure a buhu, a kai wani babban rami a bayan gari a binne, a kawo sabuwar ƙasa mai tsabta a shimfiɗa.

Mai inji yana tsaye aka kankare tsakar gidansa. Ya ga an kwashe ƙasar da 'ya'yansa suka yi rarrafe a kanta, an ɗaure bakin buhu, an ɗora a baro. Bai ce uffan ba. Daga ran nan ne shirunsa ya fara.

Wajibi ne a tsaya nan a bambanta abu biyu da mutane kan gama su wuri ɗaya, watau halwa da kaɗaici. Halwa mutum ne ke shigarta da ƙafarsa, da niyya, da sanin ranar fita. Manyan malaman ƙasar nan sun san ta. Ko Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a 1807, da ya ga zukatan jama'a sun karkata ga dukiya da mulki, barin rundunar ya yi ya nufi gabas da nufin zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Baƙin cikin da ya fitar da shi kuwa waƙa ya yi da shi, tana nan cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Wannan mutum ne da ya janye jiki, yana da harshen da zai faɗi abin da ke damunsa. Kaɗaici kuwa shi ke shigar mutum, ba ya sallama, kuma abin da ya kan fara ƙwacewa shi ne harshe. Mai inji ba halwa ya shiga ba.

Ya daina zama a dandali. Masallaci bai bari ba, amma sahun baya ya ke tsayawa, ana sallame salla ya ɗauki takalmansa kafin a fara gaisawa. Ya kan tafi gona tun duhu bai washe ba, ya dawo bayan magariba. Ya ƙaurace wa ɗakin matarsa, ya koma kwana a zaure. Abinci in an aiko ya ci, in ba a aiko ba bai tambaya ba. 'Yarsa da ta rage an kai ta Bukkuyum an yi mata magani, ta rayu, amma fahimtarta ta yi nauyi. Ko ita ba ya iya duban idonta.

Ba a ce mutane ba su yi ƙoƙari ba. Dattawa sun zo, liman ya zo, 'yan'uwa sun zo daga nesa. Maganarsu duk ɗaya ce: ƙaddara ce, sai haƙuri, ba kai kaɗai ba ne. Maganar nan gaskiya ce, babu musulmin da zai musa ta. Amma akwai gaskiyar da in an faɗe ta da wuri, ta kan zama kamar marfin da aka kife a kan tukunya tana tafasa. Abin da ke cin mai inji ba shakkar ƙaddara ba ne. Shi dai ya sani da baburinsa ya ɗauko dutsen nan, da injinsa ya niƙa shi, da kuɗin ya yi rufin kwano, yanzu kuwa ruwa na sauka a kan kwanon, ɗakin babu kukan yaro. Duk wanda ya ce masa ba laifinsa ba ne, sai ya ji kamar mutumin bai san da wa ya ke magana ba. Haka ya zauna cikin mutane, ba ya tare da kowa, fiye da shekara guda.

Da kaka ta 2011 ya yanke shawarar rabuwa da injin. Ya hau mota ya tafi Gummi neman mai saye. Ya sami wani da ke son kafa niƙan hatsi, suka yi ciniki, aka ce ya dawo da la'asar ya karɓi kafin alƙalami. Yana zagaye cikin kasuwa don ya ɓata lokaci, sai ya ji wata murya daga gindin wata bishiya. Wani tsohon makaho ne zaune a kan buzu, ga ƙoƙonsa a gaba, ga ɗan jagoransa yana gyangyaɗi. Waƙa ya ke rerawa, ba kiɗa, ba 'yan amshi.

Irin waƙar nan mai inji ya sha jin ta tun yana yaro, a bakin masallaci da tasha, bai taɓa tsayawa ba. Ran nan ƙafarsa ta ƙi tafiya. Waƙar tana maganar mutuwa da kabari, da yadda duniya ta kan yi wa mutum murmushi har ya saki jiki da ita. Abin da ya kama shi, mai waƙar ba ya nuna kowa da yatsa, kuma ba ya wanke kowa. Kansa ya sa a gaba yana tuhuma, yana kuma roƙon gafara, duk a numfashi ɗaya. Mai inji bai taɓa sanin ana iya gama biyun nan ba. Shi a zatonsa, ko dai mutum ya ce ba shi da laifi ya zauna lafiya, ko ya amsa laifi ya hallaka.

Da makahon ya kai aya sai ya karkata kai, ya ce, "Wane ne wannan da ya daɗe tsaye, bai sa sadaka ba, bai kuwa wuce ba?"

Mai inji ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, "Baba, kai ka yi waƙar nan?"

Tsohon ya yi dariya, ya ce, "Ina ni ina wannan, ɗana? Haddace ta na yi. Imfiraji ke nan, ta Malam Aliyu Namangi na Zazzau, Allah ya jiƙansa. Shi ma makaho ne irina."

"To, yaya aka yi ya san abin da ke cikin raina?"

"Bai san ka ba. Nasa ran ya haƙa. Ai rijiya in ta yi zurfi, ruwan da ta tarar shi ne na maƙwabta."

Mai karatu da bai san Malam Aliyu Namangi ba, ya kamata ya san shi. An haife shi a ƙasar Zazzau wajen 1894, ya rasa idonsa tun yana ƙaramin yaro. Duk karatunsa da kunne ya yi shi, duk waƙoƙinsa da ka ya tsara su, waɗansu suka rubuta. Imfiraji ba waƙa ɗaya ba ce, jerin waƙoƙi ne, akwai begen Annabi, akwai wa'azi, akwai zancen mutuwa da hisabi. Sunan daga Larabci ya fito, ma'anarsa yayewar ƙunci. An buga su da boko a Zariya cikin ƙananan littattafai, amma ba littafi ne ya fi yaɗa su ba, makafi ne, daga kasuwa zuwa kasuwa, har ba wani lungu na ƙasar Hausa da ba su kai ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta girmama shi da digirin dakta. Ya rasu a 1990.

Nan gindin bishiyar, cikin hayaniyar kasuwa, mai inji ya buɗe baki ya faɗi abin da bai faɗa wa liman ba, bai faɗa wa ɗan'uwansa ba. Watakila don tsohon ba ya ganin fuskarsa ne, gobe kuma ba za su gamu a masallaci ba. Ya faɗi zancen dutse, da inji, da kwano, da yaran biyu. Tsohon bai katse shi ba. Da ya gama sai ya tambaye shi, "Sa'ad da ka ke niƙawa, ka san da gubar?"

Ya ce, "Ban sani ba, Baba."

"To, yanzu ka sani. Injin fa, ina ya ke?"

Ya gaya masa cinikin da ya yi da safe. Tsohon ya yi shiru, shi ma ya yi shiru, don yana faɗa ya ji abin da ya faɗa. Injin da ya ci dutsen dalma shekara guda, shi za a kai wani ƙauye a zuba masa dawar tuwon yara. Can tsohon ya ce, "Uwar yaran kuma, ka gaya mata abin da ka gaya mini?"

Mai inji bai koma wurin mai saye ba. Daga baya ya kwance injin gunduwa-gunduwa ya sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe, a kan kuɗin da bai kai rubu'in na cinikin farko ba. Waɗansu suka ce ya zautu.

A daren da ya dawo daga Gummi, bayan lisha, ya tsaya ƙofar ɗakin matarsa ya yi sallama. Ta amsa a firgice, ta ce, "Maigida, lafiya?" Ya zauna bakin ƙofa, ya ce, "Ni na kawo dutsen nan gidan nan." Ta daɗe ba ta ce kome ba. Sa'an nan ta ce, "Ni na daka shi, da auta goye a bayana." Ashe duk tsawon watannin nan ita zaton ta ke shirunsa fushi ne da ita, kullum tana jiran ranar da za a miƙo mata takarda. Mutum biyu, katanga ɗaya tsakaninsu, kowa yana ɗauke da kaya iri ɗaya, kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa. Ba a san abin da suka faɗa bayan wannan ba, kuma ba ruwan kowa.

Kada a ɗauka waƙa ta warkar da shi dare ɗaya. Ba ta dawo da yaran ba, ba ta sauƙaƙa fahimtar 'yarsa ba. Har bayan haka akwai ranakun da ya kan wuni bai yi magana ba. Abin da ta yi masa, ta ara masa harshe. Amma harshen aro ba ya isar mutum, don abin da ya riƙe daga bakin tsohon bai fi 'yan baitoci ba, su ma sun fara zubewa. Gummi da nisa, ga hanya ta fara lalacewa da ɓarayin shanu da 'yan bindiga. Sau ɗaya ya koma, bai sami tsohon ba. Sai ya sa wani direba ya sayo masa littafin a Gusau. Littafi ya zo, ga shi da boko, shi kuwa ko baƙi ɗaya bai sani ba. Da gemunsa da furfurarsa ya shiga ajin yaƙi da jahilci.

Malamin ajin saurayi ne mai yawan karance-karance. Da ya ga abin da ya kawo dattijon nan aji, sai wata rana bayan an tashi ya ce masa, "Baba, ka san Turkawa ma suna da nasu makahon?" Ya ba shi labarin Ashik Veysel. Ashik laƙabi ne da Turkawa ke ba mawaƙi mai yawo gari gari, asalin kalmar mai bege. An haifi Veysel a 1894, kusan lokaci ɗaya da Malam Aliyu, a wani ƙauye mai suna Sivrialan cikin lardin Sivas. Agana ta kama shi yana da shekara bakwai, ta zama sanadin makantarsa. Ubansa ya ba shi wani abin kiɗa mai dogon wuya kamar molo, don ya ɗebe masa kewa. Da ya girma iyayensa suka mutu, matarsa ta gudu ta bar masa jinjira, jinjirar ma ta mutu. Ya yi shekaru a ƙauye ba wanda ya san da shi, sai a 1931, da aka yi taron mawaƙa a Sivas, muryarsa ta fita. A 1965 majalisar Turkiyya ta yanka masa albashi saboda hidimar da ya yi wa harshensu. Ya rasu a 1973. Waƙoƙinsa da Turkancin ƙauye ya yi su, a kan tafiyar rai daga haihuwa zuwa kabari, da zaman mutum shi kaɗai. Cikin waɗanda suka fi shahara akwai wadda ya yi wa ƙasa, ƙasar noma da kabari, ya ɗauke ta aminiya. Shi ne kuma ya fara dasa lambun itatuwa masu 'ya'ya a ƙauyensu, mutane suna yi masa dariya, wai makaho da lambu.

Malamin ya kunna masa muryar a waya. Mai inji bai ji kalma ɗaya ba, amma ya saurara har ƙarshe. Zancen ƙasar nan ne bai yarda da shi ba. Ya ce, "Malam, shi ƙasarsu ba ta ci masa 'ya'ya ba." Malamin bai yi gardama ba, ya kyauta kuwa. Bayan kwana biyu dattijon ya dawo aji, kafin a fara darasi ya ce, "Na yi tunani. Dutsen nan yana can cikin raminsa tun zamanin Annabi Adamu bai taɓa kowa ba. Ba shi ya zo gidana ba." Ya buɗe littafinsa.

Da damina ta kama ya dasa mangwaro biyu a sabuwar ƙasar tsakar gidan. Akuya ta cinye ɗaya, ɗayan ya kama.

Talauci bai bar ƙasar ba, zinariya ma ba ta ƙare ba, saboda haka an sami masu komawa ga shigo da dutse gida a ɓoye. A 2015 irin wannan masifa ta sake aukuwa a ƙasar Rafi ta Jihar Neja, yara suka mutu. Mai inji, wanda dā ba ya iya gaisuwa, ya zama in ya ga saurayi da buhun dutse a bayan babur ya nufi cikin gari, sai ya tare shi. Ba ya yi masa wa'azi, ba ya kiran hukuma. Sunayen yaransa biyu ya kan faɗa masa, da shekarunsu. Waɗansu su juya, waɗansu su kewaye ta wata hanya.

Karatunsa bai yi sauri ba, shekara biyu ya yi kafin ya iya bin baiti ba tare da ya tsaya ba. Littafin yana cikin wata akwatin ƙarfe, tare da katin asibitin 'yarsa. Da dare ya kan fito da shi ya haska tocila, ya zauna bakin ƙofar ɗaki yana bi da yatsa, yarinyar tana jingine da bango. Matar kuwa ba ta shiga aji ba, amma da jin da ta yi ta yi, ta riga shi haddacewa. In ya yi tuntuɓe a kan wata kalma, daga cikin ɗaki ta kan ce, "Ba haka ba ne, Maigida," ta gyara masa, ya koma farkon baitin.